Ɗalibata ta tambaye ni dalilin da ya sa 1 ba firam ba ce, na rasa amsa

Tambaya

Assalamu alaikum. Ni malamin firamare ne, ban daɗe da kama aiki ba. Ba lissafi na karanta ba, amma saboda ƙarancin malamai aka ɗora mini lissafin aji shida. Da muka zo darasin ire-iren lambobi sai na jera wa yara sunaye a allo, cika da mara, firam da haɗaɗɗiya, murabba'i da sauransu, na ce su haddace. Wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce me ya sa 1 ba firam ba ce, alhali ba abin da ke raba ta sai ɗaya da ita kanta. Na ce haka yake a littafi. Ta sake tambaya ko sifili cika ce ko mara. Na yi shiru, 'yan aji suka yi dariya, ni kuwa na daka mata tsawa na ce ta zauna. Tun ranar gabana faɗuwa yake in lokacin lissafi ya yi, ita ma ta daina magana a aji. Ina tunanin in roƙi hedimasta ya sauya mini darasi. Mece ce shawararku?

Amsa

Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka je wurin hedimasta tukuna. Na san abin da zuciya ke raya maka, wai da muguwar rawa gara ƙin tashi, amma abin da ya same ka ba rashin kai ba ne. An miƙa maka jerin sunaye babu dalilansu, kai ma ka miƙa wa yara yadda aka ba ka, sai Allah ya haɗa ka da yarinya mai son jin dalili. Tambayoyinta biyu suna da amsa, kuma amsar ba ta fi ƙarfinka ba.

Abin da nake so ka riƙe kafin komai shi ne, yawancin sunayen nan da ka jera a allo daga tambaya guda suka fito: wace lamba ce ke raba wannan lambar ba tare da saura ba? Wanda ya iya bin wannan tambayar ba ya bukatar hadda, domin sunayen za su riƙa faɗo masa da kansu.

Mu fara da sifili, don ita ce mai sauƙi. Lamba cika ita ce wadda 2 ke raba ta babu saura. Raba 0 gida biyu, kowane gida ya samu 0, ba abin da ya rage. Ashe cika ce. In yara suna son ƙarin hujja, ka sa su ƙirga da baya: 4 cika, 3 mara, 2 cika, 1 mara, to wadda ke bin 1 fa? Sannan ka shirya wa tambayar da za ta biyo baya, domin yarinya irin wannan sai ta yi ta: in ana iya raba 0 da 2, me ya hana a raba 2 da 0? Amsar ita ce rabawa tambaya ce game da ninkawa. In an ce 6 a raba da 2, ana neman lambar da in aka ninka ta sau 2 za ta ba da 6. In an ce 2 a raba da 0, ana neman lambar da in aka ninka ta da 0 za ta ba da 2, kuma babu ita, tunda komai aka ninka da 0 sifili yake komawa. Kada ka ji kunyar cewa sifili ta ba ka wuya. An daɗe ana lissafi a duniya kafin Brahmagupta, masanin ƙasar Indiya, ya rubuta ƙa'idojin tarawa da ɗebewa da ninkawa da ita a shekarar 628.

Batun 1 kuwa yana son a tsaya a kansa. Da farko ka yarda cewa yarinyar tana da gaskiya bisa ma'anar da ka ba su. In ka ce firam ita ce lambar da ba ta rabuwa sai da ɗaya da kanta, to 1 ta cika sharaɗi. Ma'anar ce ke da gyara. Firam ita ce cikakkiyar lamba, wato lambar ƙirga irin 1, 2, 3, wadda masu raba ta guda biyu ne cif, kuma mabambanta. Masu raba 7 su ne 1 da 7, biyu ke nan. Mai raba 1 kuwa guda ɗaya ne tak, ita kanta. Don haka ta fita.

Amma in ka tsaya nan, mai kaifin hankali zai ce an gyara ma'anar ne kawai don a kori 1, kuma bai yi ƙarya ba. Da gangan masana suka fitar da ita, suna da dalili mai ƙarfi. Ɗauki 12. Wani yaro zai ce 2 sau 6 ce, ya sake fasa 6 ya samu 2 sau 3, ya ƙare da 2 × 2 × 3. Wani zai fara da 3 sau 4, ya fasa 4, shi ma ya ƙare da 2 biyu da 3 ɗaya. Ta duk inda aka ɓullo, wuri ɗaya ake sauka. Haka kowace cikakkiyar lamba da ta wuce 1 take: ko dai ita kanta firam ce, ko kuma tana fasuwa zuwa lambobin firam ta hanya guda kacal, in ban da sauya musu jeri. Wannan ita ce ƙa'idar da ilimin lambobi ya ginu a kanta, kuma Gauss ɗan ƙasar Jamus ya fayyace ta da cikakkiyar hujja a 1801. To yanzu shigo da 1 cikin firam ka ga abin da zai faru. Sai 12 ta zama 2 × 2 × 3, ta kuma zama 1 × 2 × 2 × 3, ta kuma zama 1 × 1 × 2 × 2 × 3, har abada. Hanya guda ta koma hanyoyi marasa iyaka, kuma duk lokacin da za a faɗi wata ƙa'ida sai an ƙara da cewa “ban da 1”. Shi ya sa aka ware mata ajinta ita kaɗai. Cikakkun lambobi daga 1 zuwa sama kashi uku ne: 1, sai firam, sai haɗaɗɗu, wato masu fiye da lambobi biyu da ke raba su. Sifili ma ba ta cikin firam, ba ta cikin haɗaɗɗu.

Akwai abin da ya kamata ka gaya wa yarinyar, domin zai dawo mata da ƙarfin gwiwa. Ba ita ta fara ganin 1 a matsayin firam ba. Masanin lissafi Goldbach, a wasiƙar da ya rubuta wa takwaransa Euler a 1742, haka ya ɗauke ta. Lehmer, masanin lissafi a Amurka, da ya wallafa dogon jerin lambobin firam a 1914, da 1 ya fara. Tambayar da ta yi maka tambaya ce da manya suka yi saɓani a kanta kafin magana ta zauna.

Wannan ya kawo ni ga tsawar da ka yi mata. A gaban aji ka yi, a gaban aji za ka gyara. Ba sai ka yi dogon jawabi ba. Ka shiga ka ce, “Ranar nan wance ta yi tambayoyi biyu masu kyau, ban ba ta amsar da ta dace ba, kuma bai kamata in yi mata tsawa ba. Na je na bincika, ga amsa.” Kana tsoron girmanka zai zube, ni kuwa ina ganin nan ne zai dawo. Yara sun riga sun san ba ka da amsa a ranar, shi ya sa suka yi dariya. Abin da suke jira su gani shi ne yadda babba ke yi in bai san abu ba. In ka bar maganar haka, darasin da duk ajin zai ɗauka shi ne tambaya tana jawo faɗa, kuma wannan ya fi rashin sanin firam illa nesa ba kusa ba.

Yanzu ga yadda nake ba ka shawarar ka sake ɗaukar darasin. Share jerin sunayen nan daga allo. Ɗauki lamba ɗaya ku yi mako guda kuna yi mata tambayoyi. Ni 36 zan zaɓa maka.

Raba yara rukuni-rukuni, kowane rukuni ka ba su ƙananan duwatsu 36, ka ce su jera su sahu-sahu, kowane sahu daidai da ɗan'uwansa, ta duk hanyar da za su iya. Za su samu sahu 1 mai 36, sahu 2 masu 18, 3 masu 12, 4 masu 9, 6 masu 6. Za su gwada sahu 5 su ga dutse ɗaya ya rage. Gani ya kori ji: da hannunsu sun fitar da masu raba 36, wato 1, 2, 3, 4, 6, 9, 12, 18, 36. Tun da ta shiga sahu biyu daidai, cika ce. Tun da masu raba ta sun wuce biyu, haɗaɗɗiya ce. Tun da ta jeru 6 sau 6, tsawo da faɗi ɗaya, murabba'i ce. Sunaye uku ke nan ba wanda ya haddace komai.

Ka ja hankalinsu kan wani abu a nan. Masu raba lamba bibbiyu suke zuwa, 1 da 36, 2 da 18, 3 da 12, 4 da 9. To me ya sa jimillarsu ta zama tara, lamba mara? Saboda 6 ba ta da abokin tafiya sai kanta. Wannan a lambobin murabba'i kaɗai yake faruwa. Duk lambar da adadin masu raba ta ya zama mara, murabba'i ce, kuma duk murabba'i haka take. Ka bar su su gwada da 16 da 25 da 49, sannan da 18 da 20, su gani da idonsu.

Duwatsun nan dai, ka ce su jera 1 a sama, 2 a ƙarƙashinsa, sai 3, sai 4. A sahu na takwas duwatsun za su ƙare cif, siffar alwatika ta fito, domin 1 zuwa 8 in aka tara 36 ne. Ta shiga ajin lambobin alwatika ke nan, tare da 1, 3, 6, 10, 15, 21, 28. Ka kuma sa su tara lambobin mara shida na farko, 1 + 3 + 5 + 7 + 9 + 11, su sake cin karo da 36. Wannan ba dace ba ne. Tara mara biyu na farko ka samu 4, uku na farko 9, huɗu na farko 16. In suka gina murabba'in da duwatsu, suna ƙara layi a gefe biyu kowane karo, za su ga dalili: daga murabba'i zuwa na gabansa, lambar mara ta gaba ake ƙarawa.

Sai ka ƙara musu dutse ɗaya, su zama 37, ka ce su sake jerawa. Za su yi ta fama, kullum da saura, sai dogon sahu guda kaɗai ke yiwuwa. Firam ke nan, sun taɓa ta da hannu. A nan za ka koya musu dabarar da ke rage wahala. Ba sai an gwada duk lambobi daga 2 zuwa 36 ba. Tunda masu rabawa bibbiyu suke zuwa, ƙarami da babba, in akwai babba dole akwai ƙaraminsa. Don haka lambobin firam kaɗai za a gwada, 2, 3, 5, a tsaya da zarar firam ɗin da aka ninka da kanta ta wuce lambar. 7 sau 7 ya ba da 49, ya wuce 37, aiki ya ƙare. Kai ma ka yi hattara da masu kama da firam alhali ba su ba ne, domin su ne ke kayar da malamai a gaban allo: 51 ita ce 3 × 17, 57 ita ce 3 × 19, 87 ita ce 3 × 29, 91 kuwa 7 × 13 ce. Kuma ka kawar musu da zaton cewa duk mara firam ce, ko duk firam mara ce. 9 mara ce amma haɗaɗɗiya, 2 cika ce amma firam, ita kaɗai ce cika a cikinsu, saboda kowace cika bayanta 2 tana raba ta.

Dabarar gane masu rabuwa da 3 ma ka ba su ita da dalilinta. Ana cewa a tara alƙaluman lambar, in 3 ta raba jimillar to ta raba lambar. Me ya sa? Saboda 10 ita ce 9 da 1, 100 ita ce 99 da 1. Ɗauki 87: goma takwas da bakwai, wato tara sau takwas, da 8, da 7. Tara sau takwas ta riga ta rabu da 3, abin da ya rage a duba shi ne 8 + 7, wato 15. Minti biyar wannan bayanin zai ci maka, kuma wanda ya gane shi ba zai rikita dokar 3 da ta 4 ba.

In sun saba, ku koma ga fasa lamba. 36 ita ce 2 × 2 × 3 × 3. A nan ribar darasin take, domin abubuwan da ke gabanku a manhaja duk a kan wannan suke zaune. 60 ita ce 2 × 2 × 3 × 5. Abin da suka yi tarayya a kai shi ne 2 × 2 × 3, wato 12, ita ce babbar lambar da ke raba su duka biyu. Da ita za a rage 36 bisa 60 ya koma 3 bisa 5. Ƙaramar lambar da su biyun ke shiga cikinta kuwa 180 ce, 2 × 2 × 3 × 3 × 5. Har adadin masu raba lamba ana iya sani ba tare da an jera su ba. A 36, firam 2 ta zo sau biyu, don haka mai raba 36 yana iya ɗaukar 2 sau sifili, ko sau ɗaya, ko sau biyu, zaɓi uku. Haka ma 3, zaɓi uku. Uku sau uku tara, daidai da abin da duwatsu suka nuna. Gwada da 360, wadda take 2 × 2 × 2 × 3 × 3 × 5: huɗu sau uku sau biyu, masu raba ta 24 ne.

Akwai wani rabon da wataƙila ba ya cikin littafinku, amma ina son ka ba su shi, domin yara suna jin daɗinsa ƙwarai. A tara masu raba lamba ban da ita kanta. Na 36 sun ba da 55, sun fi ta, sai a ce mai yalwa ce. Na 35 su ne 1, 5, 7, jimilla 13, ba su kai ta ba, mai giɓi ke nan. Na 6 kuwa 1 + 2 + 3 ne, 6 cif. Irin wannan ita ake kira kammalalliya. Wannan rabo na gida uku yana cikin rubutun masanin lissafi Nikomakus tun wajen shekara ta 100 bayan haihuwar Annabi Isa. Kammalallun ba su da yawa: 6, 28, 496, 8128, ta biyar sai an kai 33,550,336. Kada ka gaya musu 28, ka ce akwai ɗaya tsakanin 20 da 30 su nemo ta. Aikin gida ne da zai sa su fasa lambobi goma suna murna. Masu ƙwazo ka ba su 220 da 284: masu raba ta farko sun taru sun ba da ta biyu, na ta biyu sun ba da ta farko. Masanin lissafi Sabit bin Ƙurra ya fitar da ƙa'idar samo irin waɗannan tagwayen a Bagadaza a ƙarni na 9.

Rana ɗaya kuma ka sa su rubuta 1 zuwa 100 a takarda. Su tsallake 1, su zagaye 2 su soke duk ninkinta, su zagaye 3 su soke ninkinta, haka 5, haka 7. Abin da ya tsira guda 25 ne, su ne firam da ke ƙasa da 100. Rariyar Eratostenis ke nan, wanda ya riƙe ɗakin karatun Iskandariyya a ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa. Wani yaro zai lura cewa suna raguwa in aka yi sama, ya tambaya ko suna ƙarewa. Ba sa ƙarewa, kuma hujjar masanin lissafi Yuklid, mai shekara fiye da 2,000, ɗan aji shida yana iya bin ta. Ɗauki kowane jerin firam da kake da shi, ka ninka su duka, ka ƙara 1. Sabuwar lambar, duk wadda ka raba ta da ita daga jerin sai 1 ta rage. Ashe ko ita kanta sabuwar firam ce, ko akwai wata firam da ba ta cikin jerin da ke raba ta. 2 × 3 × 5 × 7 da ƙarin 1 ya ba da 211, firam ce. In ka ninka firam daga 2 har 13 ka ƙara 1 za ka samu 30,031, wadda ba firam ba ce, 59 × 509 ce, amma ka ga su biyun ba sa cikin jerin. Kowane jeri ka kawo, akwai wadda ta rage a waje. Har yanzu ana farautar manyansu da kwamfuta, a Oktoban 2024 aka gano wata mai alƙaluma fiye da miliyan 41. In wani ya ce meye amfanin duk wannan, ka gaya masa cewa ninka manyan firam biyu abu ne mai sauƙi, amma gano su daga sakamakon yana da matuƙar wuya, kuma a kan wannan wuyar aka gina ɗaya daga cikin hanyoyin ɓoye saƙo da ake amfani da su a intanet.

Za a sake yi maka tambayar da ba ka da amsarta, wannan tabbas ne. Ka ce “Ban sani ba, amma zan bincika, ku ma ku gwada,” sannan ka cika alkawari ka dawo da amsa. Ka kuma nuna musu cewa a wannan fanni akwai tambayoyin da duniya duka ba ta amsa ba. Maganar da ta fito daga wasiƙar Goldbach ta ce kowace cika da ta wuce 2 jimillar firam biyu ce. 36 ita ce 5 + 31, ita ce 7 + 29, ita ce 13 + 23, ita ce 17 + 19. An gwada lambobi masu ɗimbin yawa ba a samu wadda ta saɓa ba, amma ba wanda ya kawo hujjar da ta game duka. Haka ma ba a taɓa samun kammalalliyar lamba mara ba, ba a kuma tabbatar da cewa babu ita ba.

Game da shiri, kada ka shiga aji da misalin da ba ka warware da hannunka a daren jiya ba, ko da kana ganin mai sauƙi ne. In akwai malamin lissafi a makarantarku ko wata ta kusa, ka nemi ya riƙa duba maka darasin mako kafin ka koyar. A jarrabawa ka tsaya kan abin da manhaja ta ƙunsa, su cika da mara da firam da fasa lamba, kada ka saka kammalallu da tagwaye, don kada abin nishaɗi ya koma abin tsoro. Ka ba kanka zuwa ƙarshen zangon nan kana bin wannan hanya. In ka ga har lokacin nauyin ya fi ƙarfinka, ka je wurin hedimasta, amma abin da za ka fara roƙa shi ne horo da littattafan malami, ba sauyin darasi ba.